Nawa Ne Kuɗin Caji?

Shagon ƙanena a Moriki bai fi taku huɗu ba. Benci ɗaya ne a ciki, sai ƙaramin janareta a bayan ƙofa, sai wani faffaɗan allon katako da ya jera wa soket har layi shida. Idan ka leƙa da hantsi ranar da mutanen ƙauye suka shigo gari, za ka tarar da wayoyi suna reto a jikin allon kamar 'ya'yan kuka. Kowace waya an manna mata ɗan salatif a baya an rubuta lamba, mai ita kuma ya tafi harkarsa da guntun kwali mai irin wannan lambar a aljihu. Dokar shagon guda ɗaya ce, kuma ko ni da nake yayansa ba ta ɗaga mini ƙafa: ba kwali, ba waya. A saman ƙofa an rubuta da jan fenti, harafi na hawa kan harafi: ANA CAJI.

Dokar kwalin nan ta taɓa sa ni hawaye a watan Maris na 2023. Amma labarin ba zai fito yadda ya kamata ba sai na fara bi ta kan kalmar da ke saman ƙofar.

Ni malamin Turanci ne a wata sakandare a Gusau. Wata rana ina tsakiyar darasi wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, wai caji Hausa ne ko Turanci?” Aji ya kwashe da dariya. Na ba ta amsar da kowane malami zai bayar: Turanci ne, asalinsa charge, mu aro muka yi. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, “To, Malam, ya aka yi kakata ta san shi, ita da ko ƙofar aji ba ta taɓa takawa ba?” Na ce mu ci gaba da darasi, abin da malami kan ce ke nan idan an ƙure shi.

Da dare na buɗe ƙamus. Ma'anonin kalmar sun kusa cinye shafi guda. Kuɗin da aka yanka maka na aiki ko na kaya. Laifin da ake tuhumar mutum da shi a gaban alƙali. Wutar da ake tarawa a batir. Albarushin da ake ɗura wa bindiga. Sukuwar mayaƙa idan sun auka wa abokan gaba. Umurnin da babba ke ɗora wa na ƙasa da shi. Duk kalma ɗaya. Da farko sai na ga abin kamar kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, mai dabbobi na nan, mai gishiri na can, ba abin da ya haɗa su sai fili. Da na gangara wajen asalin kalmar sai na ga igiyar da ta ɗaure su.

Turawan Ingila ma aro suka yi. Daga Faransanci ta shigo musu, a zamanin da Faransanci ne harshen fada da na kotu a Ingila, bayan Normawa sun ci ƙasar da yaƙi a 1066. Faransawa kuma sun gaje ta daga harshen Latin, inda carrus ke nufin amalanke, aikatau ɗin da aka cira daga cikinta kuma ke nufin yi wa amalanke lodi. Daga wannan saiwar ce Turanci ya samu sunan da yake kiran ƙaramar mota da shi, da wanda yake kiran kayan jirgi, har da kariyar da ke bayan kekenka. Ashe duk tarin ma'anonin nan labtu ne. Ana labta wa batir wuta, ana labta wa mai saye kuɗi, ana labta wa wanda ake zargi laifi. A kowanne akwai mai ɗorawa, akwai kuma wanda aka ɗora wa.

Kakata, mahaifiyar Inna, ita ce ƙamus ɗina na biyu. Ranar da ƙanena ya je ya gaya mata zai buɗe shagon caji, sai ta ajiye carbinta ta dube shi. “Caji? Subhanallahi! Angona, duk sana'o'in duniya ka rasa wadda za ka kama sai ta 'yan doka?” A kunnen tsararta caji abu ɗaya yake nufi: caji ofis, ɗakin nan inda ake rubuta sunan mutum da laifinsa a babban littafi kafin a tura shi bayan kanta. Ta ga an tafi da maza can saboda kuɗin haraji, ta ga an tafi da wasu saboda faɗan kasuwa, kuma a wancan zamanin gidan da aka kai nasu caji ofis sukan daɗe ba su ɗaga kai a unguwa ba. Ma'anar da ta fara isowa gare su ke nan, kuma da ankwa ta iso. Sai da ƙanena ya zauna ya yi mata bayani cewa wayar hannu ce zai riƙa ba abinci.

“To ita wagga waya, mi taka ci?”

“Wuta taka ci, Kaka.”

“Wuta? Allah Shi raba mu da abin da ka cin wuta.”

Duk da haka ta sa masa albarka, ta kuma ba shi kuɗin tunkiyarta ya cika ya sayi janareta.

Ba kowace ma'ana muka ɗauko ba. A Fabrairun 1903, kusa da Kwatarkwashi a nan ƙasar Zamfara, dawakin Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta auka wa wata 'yar rundunar Turawa da wani hafsa mai suna Wallace Wright ke jagoranta, har Wazirin ya yi shahada a wurin. A takardar da aka ba Wright lambar yabo ta Victoria Cross, da wannan kalmar aka kira sukuwar da dawakin suka riƙa yi. Mu kuwa ba wanda ya taɓa cewa Waziri ya yi caji. Mutanen da ke da hari da farmaki da sukuwa da artabu ba su buƙatar a ara musu sunan yaƙi a kan doki. Abin da Bature ya zo da shi sabo, ofis da littafin laifi, shi ya shigo da sunansa.

Ni kuwa cajin da na fara sani na batir ne. Muna yara akwai wani maƙwabcinmu mai talabijin baƙi da fari da yake kunnawa da batirin mota. Idan hoton ya fara tsukewa yana komawa tsakiya, mun san batir ya yi sanyi, gobe sai an sa shi a mota an kai Ƙauran Namoda wajen mai caji. Kwana biyu unguwa ba kallo. Wannan ma'anar ma da tarihinta. Benjamin Franklin na Amurka, a gwaje-gwajen da ya yi kan lantarki a ƙarshen shekarun 1740, yana cikin waɗanda suka fara amfani da kalmar wajen tara wuta a cikin kwalba, kamar yadda ake ɗura wa bindiga albarushi. Shi ne kuma ya kira jerin kwalaben nan batir, sunan da sojoji ke kiran jerin igwa da shi. Da mun so, da ɗuri muka ce, don shi ne daidai. Maharbi na ɗura bindiga, uwa na yi wa jariri ɗura, ƙanena na ɗura wa waya wuta. Amma abin ya zo da sunansa, muka karɓa a haka.

Wayar salula ta fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, ta kuma ɗauki 'yan shekaru kafin ta iso garuruwa irin namu. Da ta iso sai ta tarar da wutar NEPA ba ta da tabbas, ƙauyuka da yawa ma ko falwaya ba a taɓa kafa musu ba. Nan sana'ar caji ta samu gindin zama. Nan kuma kalmar ta yi abin da ya fi burge ni a matsayina na malamin harshe. Bahaushe ya saba z takan koma j idan i ko e ta biyo ta: kaza, kaji, ciza, ciji, baza, baje. Da ya ji caji, sai kunnensa ya yanke hukunci cewa lalle akwai z a ɓoye a ƙarƙashi, ya tono ta, ya fitar da caza. Haka ya yi wa canji ya fitar da canza. Yau muna cewa na caza wayata, suna cazar mutane kuɗi, lissafin nan ya caza mini kai. Ka je Landan ka nemi caza, ba za ka same ta ba. A nan aka haife ta.

Daga nan sai ta bazu cikin gari. Mai saurin fushi, an ce ya ɗau caji. Ɗan ƙwallon da ya gaji, cajinsa ya sauka. Ɗalibin da aka koya masa yau ya manta gobe, kansa ba ya riƙe caji. A shingen kan hanya, idan aka sauke fasinjoji aka zazzage buhunansu, an caje mota. Akwai kuma wadda ba ta da daɗin faɗa. Idan aka ce wane ya yi caji, ko an gan shi yana neman kayan caji, ba maganar waya ake yi ba. Ƙwaya ce, ko maganin tari mai kodin, irin wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigowa da shi a watan Mayun 2018. Rahoton 2018 na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya cikin shekara guda. Yaron da ya kira abin caji ya ɗauki kansa kamar waya ne: ya wayi gari ba aiki, ba inda za shi, jiki ba wuta, yana neman abin da zai jona.

Sai cajin kuɗi, wanda ya fi kowanne yawo a bakinmu yanzu. Makanike ya caje ka, asibiti ya caje ka, banki ya turo saƙo cikin dare ya ce ya cire cajinsa. Waɗannan dai ko ba komai akwai abin da aka yi maka. Mutanen Moriki sun san wani cajin da ba a yi maka komai sai alkawarin ba za a kashe ka ba. A ƙarshen 2022 kafafen yaɗa labarai suka ɗauki labarin cewa wani jagoran 'yan bindiga, wanda ba sai na kama sunansa ba, ya yanka wa garin naira miliyan 20. A Satumban 2024 aka sake jin wani, na miliyan 30. Dattawa suna kiran abin haraji ko tara, suna faɗa ƙasa-ƙasa. Samari kuwa sai su ce an caje mu, su yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Na lura kalmar aro tana da wannan amfanin, tana ba ka damar furta abu mai ɗaci ba tare da ya zauna maka a harshe ba.

Shagon ƙanena ma ya ga nasa. Ranar 3 ga Satumba 2021 aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara. A 'yan kwanakin nan kuma aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, duk don a toshe wa 'yan bindiga hanyoyinsu. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, garuruwanmu suka ci gaba da dogon jira. Mutane suka koma rubuta wasiƙa suna ba direbobi, masu hali suna tafiya har Funtua don kiran minti biyar. Na ɗauka shagon ya mutu ke nan. Da na je gida sai na tarar da allon bai rasa wayoyi ba, yana zuƙo fetur daga tankin babur ɗinsa yana ba janareta. Na tambaye shi me mutane ke yi da waya ba sabis. Ya ce, “Yaya, wasu tocila, wasu sauraren karatu da wa'azi. Wasu kuwa so suke duk ranar da anka maido, ta iske su a shirye.”

To, yanzu na iso ga lamba 27.

Kawu, ƙanen Inna, ɗan autan Kaka, fataucin hatsi yake yi. Wata Alhamis ta Fabrairun 2023 ya biyo ta shagon da sassafe ana buɗewa, ya miƙa 'yar wayarsa mai tocila wadda aka ɗaure da roba don kada murfin ya faɗi, ya karɓi kwalinsa, ya ce sai ya dawo daga Shinkafi. Kafin Magariba kowa ya zo ya karɓi tasa, allon ya rage waya ɗaya. Bayan Isha'i labari ya iso cewa an tare motarsu a hanya, an kora fasinjojin daji.

Washegari na baro Gusau. Na tarar da cikin gida cike da mata ana ta salati, maza a zaure kowa na kawo shawara. Ƙanena ne ya ja ni gefe. Ya ce Kawu bai yi boko ba, kuma duk duniya lamba ɗaya ya haddace, tasa, don ita yake karanta wa abokan cinikinsa kullum. Idan mutanen nan suka ce ya ba da lambar da za a kira, ita zai bayar. Wato ran Kawu yana rataye a jikin allon, a layi na uku, cikin wata tsohuwar waya da batirinta ba ya riƙe caji fiye da awa biyu. Na ce a cire layin a sa a tawa. Ya girgiza kai. Layin ya tsufa, in ji shi, ya sha ganin irinsa an cire ya ƙi sake kamawa, kuma ba a sabunta layi sai mai shi ya je da kansa da lambarsa ta ɗan ƙasa. Ba mu taɓa murfin ba.

Lokacin fetur na wahala, ga tsada. Ƙanena ya sayo fawa banki biyu, ya riƙa caza su da rana idan janareta na aiki, da dare ya jona wayar a jikinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya kwaso tabarmarsa da bargo ya tare a shagon, don a nan sabis ya fi ƙarfi. Nakan zauna tare da shi har dare ya raba, ba mai cewa uffan, muna kallon 'yar alamar batir tana hawa tana sauka a fuskar wayar. Kullum da safe Kaka takan aiko ƙaramar jikanyarta da saƙo iri ɗaya: “Kaka ta ce a tambayi angonta, wai wayar Kawu ta ci wutarta?”

A dare na huɗu ta yi ƙara. Ni na ɗauka. Muryar da na ji ba ta girmi ta ɗalibaina na ajin ƙarshe ba. Ya bari muka ji Kawu ya yi sallama, aka karɓe, sannan ya faɗi kuɗi. Ba zan rubuta adadin ba. Ya isa a ce duk abin da gidanmu ya mallaka bai kai rabinsa ba, kuma sai da aka yi kwanaki ana kira ana roƙo kafin ya sauko inda hannu zai iya kaiwa. A ƙarshen wani kiran ya ƙara da cewa, “A haɗo da katin waya da kayan caji.” Ƙanena, da ke manne da kunnensa a bayan wayar, har ya miƙe ya fara tattara caja daga akwatinsa. Wani dattijo da ya taɓa karɓo ɗansa daga daji, wanda muke neman shawararsa, ya riƙe masa hannu ya ce, “Zamna, yaro. Ba irin naka cajin sunka ce ba.” Shekara 11 ina koyar da ma'anonin kalmomi, ban taɓa ganin ma'ana biyu sun yi karo a ɗaki ɗaya irin na daren nan ba. Muka ce musu wannan ba mu san inda ake samunsa ba, suka ƙara kuɗi a madadinsa.

Tara kuɗin ya faɗo a mafi munin lokaci. Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, wa'adin da aka sa wa tsofaffin ya cika ranar 10 ga Fabrairu, sababbin kuma ba su wadata ba. Muka sayar da hatsin Kawu, da shanun huɗa biyu, da wata gona da ke hannun Inna tun gadon mahaifinsu. Masu saye duk ta waya suka turo, mutanen daji kuwa tsaba suke so. Haka muka bi masu POS daga Moriki zuwa Ƙaura zuwa Gusau, wannan ya ba mu dubu 20, wancan dubu 50, kowa da cajinsa. Akwai inda aka cire mana dubu biyu a kowace dubu goma. Sai an caje mu kafin mu samu abin biyan waɗanda suka caje mu. Amma ba zan manta da wani saurayi a Ƙaura ba, mai ɗan tebur da laima, da ya ji abin da za a yi da kuɗin ya juye mana duk abin da ke jakarsa, ya ce ko sisi kada mu ɗora masa, mu dai sa shi a addu'a. Ranar 25 ga Fabrairu ƙasa na layin zaɓen shugaban ƙasa, mu muna ɗakin Kaka muna ƙirga 'yan ɗari biyar-biyar muna ɗaurewa.

A cikin dararen nan ne na tuna da wata ma'ana da na gani can ƙasan shafin ƙamus, wadda na wuce ban tsaya ba. A Turanci, yaron da aka ba ka reno, ko mara lafiyan da aka bar maka jinya, ko kayan da aka ba ka ajiya, shi ma da wannan kalmar ake kiransa. Daga nan aka samu abin da muke cewa incaj. Mu mun ɗauko incaj da ma'anar mai faɗa a ji, wanda ke zaune bayan tebur ana jiran sa hannunsa. A asalin kalmar kuwa incaj shi ne amalanken, shi aka yi wa lodi. Hausa ta san wannan tunanin tun kafin zuwan Bature, shi ya sa muke cewa nauyi ya rataya a wuyan wane, ko ya sauke nauyin da ke kansa. Muna kuma da amana, wadda muka aro daga Larabci tun da daɗewa har ba mai tambayar ko Hausa ce. Ina zaune a bencin nan na lissafa masu cazarmu, na daji da na gari, suka yi yawa. Na nemi wanda hanyar Moriki zuwa Shinkafi ke wuyansa, wanda barci zai ƙaurace masa don an tare ta, lissafin ya gajarce. Wanda dai na gani da idona bai runtsa ba shi ne yaron da ke karɓar naira hamsin a kan waya.

Kwana 23 Kawu ya yi. Ya dawo ba takalmi, ba hula, ƙafafunsa a kumbure, aka kwana biyu ana gasa masa su da ruwan zafi. Bai yi maganar daji ba, mu ma ba mu tambaye shi ba. Kaka ta zauna kusa da shi tana ta shafa kansa kamar ba magidanci mai 'ya'ya bakwai ba. Ƙanena ya so ya kai masa wayar gida tun ranar, Kawu ya ce a bar ta, zai zo da ƙafarsa.

Daga baya, da na koma makaranta, na nemi ɗalibar nan na ce mata amsar da na ba ta ranar nan ba ta cika ba. Kalmar da kakanninmu suka ji tsoro da ita, muke ciniki da ita, muke barkwanci da ita, har ta haifi caza a bakinmu, ta wuce a kira ta baƙuwa. Ta yi murmushi ta ce, “Malam, ai da ma na sani. So nake in ji ko kai ka sani.”

Amma kafin in koma ɗin, wata Asabar da hantsi, ina zaune a shagon sai ga Kawu yana tafe a hankali, da sanda da aron silifas. Mutanen da ke kan bencin suka miƙe ana ta yi masa barka da arziki. Ƙanena ya ciro wayar daga layi na uku, ya goge ta da gefen rigarsa, ya miƙa masa da hannu biyu. Kawu bai karɓa ba. Ya zura hannu a aljihu, ya daɗe yana lalube, ya fito da wani abu da ya yi baƙi da dauɗa, ya yi laushi kamar tsumma. Sun karɓe kuɗinsa da agogonsa da takalmansa, sun caje shi tas, amma ba wanda ya ga amfanin guntun kwali. Da ƙyar ake gane 2 da 7 ɗin.

“Kai ka ce ba kwali, ba waya,” in ji shi. “Ga kwalinka, ɗana. Nawa ne kuɗin caji?”

Ƙanena ya buɗe baki, magana ta ƙi fita. Ya juya ya fuskanci allon kamar yana gyara wata caja. Ni ma na sunkuyar da kai.

“Hamsin ne, Kawu,” ya ce daga ƙarshe, bai juyo ba.

Kawu ya ciro naira hamsin ya ajiye a kan benci. Ya kunna tocilar wayar ya kashe don ya tabbatar tana aiki, ya sa ta a aljihu, ya ce in gaida mutanen Gusau idan na koma. Naira hamsin ɗin tana nan har yau manne a saman allon, tare da kwalin. Lambar kuwa ƙanena bai sake ba kowa ita ba. Daga 26 sai 28.